Na Je Makwancin Mai Ƙaho Uku

Tun da na dawo daga Amurka mutanen unguwarmu suke tare ni da tambaya, wannan ya ce na ga dogayen benaye, wancan ya ce ina tsarabarsa. Benaye kam na gani ta tagar jirgi, tsaraba kuma an raba ta ƙare. Amma abin da ya tsaya mini a rai har yau kan wata dabba ce da ta mutu tun shekara miliyan 66 da suka wuce. Da na faɗi haka a majalisa sai aka yi ta dariya, shi ya sa na ce bari in rubuta labarin a tsanake, wanda zai yi dariya ya yi bayan ya karanta.

Sai na fara da gida kafin ku gane abin da ya kai ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, dillalin shanu ne a nan Kumasi. A ƙuruciyarsa da ƙafa ake koro shanu daga arewa, a ƙetare kogi a Yeji, a biyo ta Atebubu da Mampong, dabba ta iso ta rame sai ƙaho da tozo. A kara na tashi, ina riƙe masa igiya. Shi idan aka kawo masa sa ba ya sauraron mai shi. Zai buɗe baki ya ƙirga haƙoran ƙasa, ya shafa gindin ƙaho, ya sa a ja dabbar ya ga takunta, sannan ya faɗi shekarunta da irin wahalar da ta sha a hanya, kuma da wuya ya kuskure. Ni boko ya ɗauke ni, ban gaji sana'ar ba, amma idon ya ɗan rage mini.

To, ɗan ƙanwata yana karatu a jami'ar jihar Montana, a wani gari da ake kira Bozman, can arewa maso yammacin Amurka cikin duwatsu. Shi ya matsa sai na ziyarce shi. Na isa cikin watan Yuli, lokacin zafinsu, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare, abin da ya rikita mini barci kwana da kwanaki. Rana ta uku ya ce, "Kawu, yau zan kai ka ka ga sa wanda ko Kaka bai taɓa yi wa kuɗi ba." Na ce, "Kai yaro, kai da ba ka san karsana da maraƙi ba, kai ne za ka nuna mini sa?"

Gidan tarihin jami'ar ya kai ni. Tun daga ƙofa akwai gunkin tagulla na ƙasusuwan wata dabba mai cin nama, baki buɗe, amma bai bar ni na tsaya ba, ya ja ni har wani babban zaure. Ina shiga na yi turus. Kai ne a gabana, kai kawai, tsawonsa ya fi ni ko da na miƙe. Ƙaho biyu sun fito daga saman idanu sun nufo gaba, kowanne ya kusa mita guda, ga wani gajere a kan hanci. Daga ƙeya kuma ƙashi ya bazu baya kamar faifai, ko in ce garkuwa, ya rufe wuya duka. Bakin kuwa na aku ne sak, mai lanƙwasa da kaifi. Turawa suna kiran dabbar Tiraisaratos, kalmar Girkanci ce mai nufin fuska mai ƙaho uku, tana cikin manyan dabbobin dā da ake ce wa dainaso. Ni dai Mai Ƙaho Uku zan riƙa ce masa.

Idan an haɗa jikin duka, tsawonsa daga baki zuwa wutsiya yakan kai mita 8 zuwa 9, nauyinsa kuma masana sun ƙiyasta tan 6 zuwa 10. Wato toron giwa ne ko fiye. Na yi lissafi irin na kara, na ga sai an tara manyan bunaji goma sha biyar zuwa ashirin kafin su ɗaga shi a sikeli.

Abin da na fara yi, ba tare da na shirya ba, shi ne leƙa bakin, kamar yadda na ga ana yi tun ina yaro. Gaban bakin babu haƙori ko ɗaya. Wannan bai ba ni mamaki sosai ba, domin saniya ma ba ta da haƙoran gaba a sama. Shi da wancan bakin aku yake kama reshe ya fizge. Akwai wani ƙashi na musamman a ƙarshen leɓen sama wanda ke riƙe da bakin, an ce dangin wannan dabba kaɗai ke da shi a duk halittu. Can ciki kuwa, wajen kumatu, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Haƙora ne a jere a manne da juna kamar ƙwayar masara, layi 36 zuwa 40 a kowane ɓangaren muƙamuƙi, kuma kowane layi haƙori uku ne zuwa biyar a ɗore, ɗaya bisa ɗaya. Na saman ne ke aiki. In ya cinye ya faɗi, na ƙasa ya taso ya maye gurbinsa, haka har mutuwa. Babba cikinsu zai iya ɗaukar haƙori har 800 a baki. Nan take na gane cewa dabarar mahaifina ta farko ta faɗi. Yaya za ka ƙirga shekarun dabbar da bakinta ba ya tsufa? Tsohuwar saniya haƙori ke kashe ta, in ya ƙare ta kasa kiwo ta rame. Wannan kuwa bai san wannan matsala ba.

Kuma ba niƙa yake yi kamar saniya ba. Haƙoran sama da na ƙasa wucewa suke ta gefen juna kamar almakashi, su daddatse abinci. Na ce wa yaron, to ciyawa ce za a yi wa wannan shiri haka? Ya ce ai a zamaninsa babu filayen ciyawa irin na makiyaya. Abincinsa tsirrai ne masu tauri da zare, dangin giginya da goriba, da ƙananan itatuwa, da wasu tsirran dausayi masu ganye kamar gashin tsuntsu. Kansa a ƙasa yake, saboda haka abin da ke kusa da ƙasa yake ci, ko kuma ya tunkuɗe ƙaramar itaciya ya kayar. Haƙarƙarin da na gani mai faɗi ne kamar ganga, wurin da tulin ganye zai zauna ya narke a hankali.

Da baki ya ƙi ba ni shekaru sai na koma ƙaho, kuma a nan ne gidan tarihin ya burge ni. Sun jera kawuna tun daga na jariri, wanda bai fi ƙwallon ƙafa ba, har zuwa na tsoho. Na jaririn ƙahonsa ɗan tsiro ne kawai kamar na maraƙin wata biyu, idanunsa manya, faifan ƙeyarsa gajere. Da ya ɗan tasa sai ƙahon ya yi tsawo ya lanƙwasa baya. Da ya zama saurayi sai ya miƙe. Da ya cika girma sai ya juyo ya nufi gaba. Haka nan bakin faifan: na yaro yana da ƙananan ƙasusuwa masu tsini a jere kamar haƙoran zarto, na babba kuma sun kwanta sun shafe. Jack Horner, wanda ya daɗe yana shugabantar binciken ƙasusuwa a gidan, shi da abokin aikinsa Mark Goodwin suka bayyana wannan tsari a 2006. Na tsaya ina kallo ina murmushi, domin wannan kam karatun kara ne. Duk dillali ya san ƙaho yana faɗin shekaru, kuma shanun kansu sun sani, shi ya sa ɗan bijimi ba ya tarar babban sa. Ra'ayin su Horner ke nan, cewa da siffar ƙaho dabbobin ke gane yaro da babba a tsakaninsu.

Rashin sanin wannan ya sa mutanen farko suka yi ta ruɗewa. A 1887 aka tono ƙaho biyu kusa da birnin Denba aka aika wa wani babban masani, Othniel Marsh. Ya duba ya ce na wani ƙaton ɓauna ne na zamanin dā. Ban ga laifinsa ba, ni ma da ƙahon kaɗai aka ba ni haka zan ce. Sai da ma'aikacinsa John Bell Hatcher ya samo kai kusan cikakke a jihar Wayomin, sannan Marsh ya gane kuskurensa ya raɗa wa dabbar suna a 1889. Daga nan duk kan da aka tono aka ga ƙahonsa ya ɗan bambanta sai a ce sabon iri ne, har aka tara sunaye goma sha wani abu. Yanzu iri biyu kaɗai aka yarda da su, kuma binciken 2014 ya nuna ɗaya a duwatsun ƙasa ake samunsa, ɗayan a na sama, wato ɗaya ya riga ɗaya zuwa duniya. Akwai kuma wata gardama da ba ta mutu ba. Wata dabba ce mai suna Torosaurus, kamarsu ɗaya, sai dai faifanta ya fi tsawo kuma yana da manyan ramuka biyu, alhali na Mai Ƙaho Uku a toshe yake. A 2010 Horner da ɗalibinsa John Scannella suka ce ai Torosaurus tsohon Mai Ƙaho Uku ne kawai, faifan ne ya yi sirara ya huje da tsufa. Wasu masanan suka ce sam, dabba biyu ce daban, suka kawo nasu dalilan. Na ji daɗin wannan, ashe Turawa masu digiri ma suna musu a kan dabba kamar dillalai ranar kasuwa.

Wani abu kuma da mahauci zai gane nan da nan: abin da muke gani a gidan tarihi ƙashin cikin ƙaho ne kawai. Ku tuna idan an dafa kan sa a kwata aka zare ƙaho, kuben yana fita, ƙashi ya saura a ciki. Kuben nan ya ruɓe tun tuni, saboda haka da rai ƙahon ya fi abin da muke gani tsawo da tsini. Na zagaya bayan kan don in ga yadda wuya ke ɗaukar wannan kaya. A ƙeya akwai wani dunƙulen ƙashi mai santsi, zagayayye kamar ƙwallo, wanda ke shiga cikin ƙashin wuya, shi ke ba shi damar juya kai ko'ina da sauri. Ƙasusuwan wuya na farko kuma sun haɗe sun zama guda don ƙarfi. Ƙafafu huɗu ne kamar ginshiƙai, na gaba sun ɗan buɗe a gwiwa, yatsun suna ƙarewa da kofato mai faɗi. Fatarsa ma an san ta, domin an samu wani a Wayomin wanda zanen fatarsa ya zauna a dutse, yana birnin Hustan yanzu. Ɓawo ne manya manya irin na kada, babu gashi.

Da dare na ce wa yaron ina so in ga inda ake tono su. Ya ce da nisa. Na ce wanda ya taso daga Kumasi ba a yi masa maganar nisa. Akwai wata abokiyar karatunsa da ke aikin tono a lokacin hutu, ita ta yarda ta raka mu.

Mun tashi da asuba muka nufi gabas, hanya tana bin kogin Yelosuton, ta Bilins har Mayils Siti, sannan muka karkata arewa. Tafiyar ta fi mil 350, ta fi Kumasi zuwa Bolga. Montana ta fi Gana girma nesa ba kusa ba, amma mutanenta miliyan ɗaya ne da 'yan kai, ba su kai na Kumasi da kewayenta ba, kuma shanun jihar sun fi mutanenta yawa. Duwatsu suka ƙare, itatuwa suka ƙare, sai fili da waya mai ƙaya da sama. Kana iya yin rabin awa ba ka haɗu da mota ba. Shanun kuwa suka ba ni haushi. Baƙaƙe ne ƙirin, gajeru, masu ƙiba, babu tozo, babu ƙaho ko ɗaya, haka ake haifarsu. Nama kam akwai, amma Bafulatanin da ya saba da rahaji in ya gan su sai ya kau da kai. Na ce ikon Allah, ƙasar da ta fi kowace ƙasa tsohon ƙaho, yau ita ce ke kiwon gundumin sa.

Garin da muka sauka sunansa Jodan, kada ku haɗa shi da ƙasar Larabawa. Mutanensa ba su kai 400 ba, amma shi ne hedkwatar gundumar Gafil, wadda duk faɗinta mutum dubu ɗaya ne da 'yan ɗaruruwa. Titi ɗaya, gidan mai, kanti, sai iska. Na ci sa'a na taho da garin rogo da shito a jaka, su suka rufa mini asiri.

Washegari muka bi hanyar ƙasa zuwa arewa, wajen mil 25, inda rafin da ake kira Hel Kirik, wato rafin jahannama, yake gangarawa cikin tafkin da madatsar Fot Pek ta tara a kan kogin Misuri. Kafin ka isa sai filin nan ya tsage. Kwazazzabai ne iya ganinka, da tuddai tsirara marasa ciyawa, kowanne da zane a jikinsa layi layi, toka-toka, ruwan ƙasa, baƙi, kamar an jera tabarmi. Wanda ya san zaizayar ƙasa a arewa ya ninka ta sau dubu. Zafi kamar Bawku a watan Maris. Yarinyar ta gargaɗe ni in riƙa duba inda nake sa ƙafa saboda wani maciji mai ƙararrawa a wutsiya. A cikin waɗannan kwaruruka ne Barnum Brown ya tono Tiranosaurus, babban mai cin naman nan, a 1902, shi ne na farko da aka yi wa suna da shi.

Ta ce in zauna in dubi ƙasa kawai. Da farko duwatsu nake gani. Can sai ta ɗauko wani ɓallin abu mai launin goro, faɗinsa kamar tafin hannu, ta ce in taɓa shi da harshe. Na dube ta. Ta ce da gaske take. Na taɓa, sai ya ɗan kama harshena, ta ce to ƙashi ne, dutse ba ya yin haka, domin ƙashi yana da ƙananan ƙofofi. A bayansa akwai wasu kwarmi kamar sawun tsutsa. Ta ce hanyoyin jijiyar jini ne, kuma da su ake gane gutsuren faifan Mai Ƙaho Uku. Da idona ya buɗe sai na ga wurin cike yake da su. A ƙirgar da aka buga a 2011, cikin kowane dainaso goma da aka samu a duwatsun Hel Kirik, huɗu Mai Ƙaho Uku ne. Shi ne saniyar ƙasar a zamaninsa.

Na so in sa gutsuren a aljihu, kun san halinmu da tsaraba. Ta ce a'a, nan ƙasar gwamnati ce, ba a ɗaukar ƙashi sai da takardar izini, kuma masu izinin ma gidan tarihi suke kai wa. Na mayar da shi daidai inda yake. Ta bayyana mini yadda suke aiki idan an sami babba: a share ƙasa da ɗan tsinke da buroshi, a auna a zana inda kowane ƙashi yake kwance, a naɗe shi da tsumman buhu da filasta kamar yadda ake ɗaure karaya a asibiti, sannan a ja shi, wani lokaci sai da jirgi mai saukar ungulu. A zamanin Hatcher da keken doki ake jan su zuwa tashar jirgin ƙasa.

Abin da ya fi wuyar shiga kaina shi ne wai wannan busasshen wuri dā dausayi ne. Ta nuna mini shaida a jikin tudun. Layin yashi tsohon kwarin kogi ne, layin yumɓu fadama ce da ambaliya ke rufewa, baƙin layi kuma gawayi ne, ragowar kurmi. A cikinsu ana samun ɓawon kififiya, haƙoran kada, ƙayar kifi da zanen ganye. A wancan zamani teku ta ratsa tsakiyar Amurka ta Arewa tana janyewa a hankali, nan kuma gaɓarta ce, ƙasa mai ɗumi da ruwa. Dabba ta mutu a bakin kogi, ambaliya ta binne ta da laka kafin ta watse, shi ya sa ƙashin ya tsira. Kai ya fi yawan tsira saboda girmansa da ƙarfinsa.

Na tambaye ta garke nawa suke yi, domin a tunanina duk mai ƙaho mai cin ganye da garke yake tafiya. Nan ma idon kara ya yaudare ni. Akasari ɗaya ɗaya ake samunsu. An taɓa samun matasa uku wuri guda a kudancin jihar, aka ba da labarinsu a 2009, amma irin wannan kaɗan ne. Wani ɗan uwansa mai suna Sentrosaurus, can Albata ta ƙasar Kanada, shi ne ake samun ƙasusuwansa ɗaruruwa har dubbai a rami ɗaya, alamar garke ne ambaliya ta cinye. Namu ya fi kama da karkanda, mai yawo shi kaɗai ko da 'yan tsiraru.

Amma a kan amfanin ƙaho ban faɗi ba. Tun a gidan tarihi na ce wa yaron wannan ƙaho na karo ne da 'yan uwa, domin duk wanda ya ga bijimai biyu sun sarƙe a kara ya san yawancin tabon sa daga sa yake zuwa, ba daga kura ba. Ashe an bincika. A 2009 Andrew Farke da abokansa suka duba kawuna masu yawa, suka ga raunukan da suka warke sun taru a gefen faifan, daidai inda tsinin ƙahon abokin karo zai sauka idan an sarƙe, kuma sun ninka na Sentrosaurus wajen sau goma a wannan ƙashin. Faɗan mata ne ko na wurin kiwo, shanu dai sun san irinsa. Wannan bai hana shi kare kansa da ƙahon ba. An sami wani kai wanda Tiranosaurus ya ciji ƙahonsa ya karya, ya kuma yage faifan, amma ƙashin ya warke, wato dabbar ta tsira ta ci gaba da rayuwa. Wani kuma bai yi sa'a ba, ƙashin ƙugunsa yana Bozman da sawun haƙori kusan 80 a jiki.

Can wajen la'asar ta kai mu gindin wani tudu ta sa yatsa a kan wani siririn layin yumɓu da ke ƙarƙashin gawayi, kaurinsa bai fi yatsa ba. Ta ce daga nan zuwa ƙasa akwai Mai Ƙaho Uku, daga nan zuwa sama babu shi, kuma babu shi ko'ina a duniya. Layin nan ƙurar wani dutse ne mai faɗin kilomita 10 da ya faɗo daga sararin sama a gaɓar Yukatan ta ƙasar Meziko, shekara miliyan 66 da suka wuce. Ƙura da hayaƙi suka tare rana, tsirrai suka mutu, masu cin su suka bi, masu cin nama suka bi bayansu. Kashi uku cikin huɗu na ire-iren halittu suka ƙare. A 2011 an ba da labarin wani ƙaho da aka samu a Montana santimita 13 kacal ƙasa da layin, wato suna nan da ƙarfinsu har kusan ranar. Cikin dainaso duka tsuntsaye kaɗai suka ƙetare, saboda haka kazar da ke tsakar gidanku tana da dangantaka da su, ko da yake ta ɓangaren masu cin naman ne. Na daɗe da yatsana a kan layin nan ban ce komai ba.

Muna shirin komawa hadari ya taso, ruwan bai fi na minti ashirin ba. Yumɓun wurin na tsohuwar tokar dutse mai aman wuta ne, in ya jiƙe sai ya zama kamar sabulu da danƙo a haɗe. Motarmu ta yi ta juyi ta zame cikin kwari, takalmina kowanne ya ɗauki laka kamar tubali. Waya ba ta kamawa. Muna nan har rana ta yi ƙasa sai ga wani dattijo makiyayi da babbar mota, ya ɗaure mu da sarƙa ya ja, bai karɓi ko sisi ba. Da ya ji ni ɗan dillalin shanu ne daga Afirka sai hira ta ɓarke, yaron yana gyara mini inda Turancinsa ya fi ƙarfina. Na nuna masa hoton bunaji, ya yi ta kallon ƙahon yana girgiza kai, ya ce ta yaya ake loda waɗannan a mota.

Daga bakinsa na ji ɗaya gefen maganar. A Amurka ƙashin da ke gonar mutum nasa ne, yana iya sayarwa. A wannan gunduma aka tono wani Mai Ƙaho Uku kwance tare da wani mai cin nama a 2006, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko na mai saman ƙasa ne ko na mai ma'adinan ƙarƙashinta, sai a 2020 kotun ƙolin Montana ta ce ƙashi ba ma'adini ba ne. Wani gidan tarihi a jihar Karolina ta Arewa ya same su. Wani kuma da aka tono a Dakota ta Kudu aka yi gwanjonsa a Paris a 2021, wani attajiri ya saya a kan Yuro miliyan 6.6. Masana suna kuka, sun ce abin da ya shiga hannun mai kuɗi ba a da tabbacin ɗalibi zai sake auna shi, kuma farashin ya fi ƙarfin jami'o'i. Dattijon ya ce su masanan ba su taɓa sayar da rabin garke a shekarar fari ba. Ni ɗan dillali ne, ba zan zagi mai sayar da abin da Allah ya ajiye masa a gona ba. Amma na tuna jerin kawunan nan na Bozman. Da kowane kai yana falon wani attajiri daban, babu wanda zai taɓa gane cewa ƙahon yana juyawa daga baya zuwa gaba. Sai da aka tara su wuri ɗaya, ƙanana da manya, har da marasa kyan gani waɗanda ba mai saye, sannan labarin ya fito.

Wasu za su tambaya ko akwai irinsa a wajenmu. Mai ƙaho irin wannan ba a tono shi a Afirka ba, na Amurka ta Arewa ne, kakanninsa ƙanana marasa ƙaho kuma daga Asiya suke. Amma 'yan uwanmu na Nijar suna da nasu. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere kudu maso gabas da Agadas, Bafaranshe Philippe Taquet ya tono wani mai cin ganye mai dogayen ƙasusuwan baya kamar tozo, aka sa masa suna Uranosaurus a 1976, ana iya ganin ƙasusuwansa a gidan tarihi na Yamai. Akwai kuma Nijarsaurus, mai faffaɗan baki da haƙora wajen 500, wanda Paul Sereno ya raɗa wa suna a 1999. Sun girmi Mai Ƙaho Uku da shekara miliyan 40 ko fiye. Can ma hamada ce yau, dā koguna ne da kadoji. Sau biyu ina zuwa Yamai biki ban taɓa leƙa gidan tarihin ba, sai da na ƙetare teku na ji kunyar hakan.

Bayan na dawo na je kara da hotunan, na nuna wa wani tsohon mahauci, abokin mahaifina, wanda yanzu ba ya iya tsayuwa sai a kan benci. Ya kawo hoton kusa da ido, ya bi ƙahon da farce, ya ce, "Wannan ya gama girma, ka ga ƙahon ya zubo gaba." Ban gaya masa komai ba tukuna. Sannan ya miƙo mini hannu ya ce, "Ɗana, ina na bakin? Buɗe mini in ga haƙori." Na bincika hotunan duka, sama da sittin, na ƙaho ne da na tuddai da na motarmu a cikin laka. Ko ɗaya ban ɗauki haƙoran ba. A daren na aika wa yaron saƙo ya koma zauren nan ya ɗauko mini, ta gefe, kusa sosai, domin Baba yana jira.